Wayar Shago a Jakar Makaranta

Kun sha ganinta, kada ma ku fara musu. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar, da kayan makaranta a jikinta, tana tafe a bakin titi kai a sunkuye, babban yatsanta na ta kai da kawo a kan gilashin waya. Kun ce "yaran zamani sai addu'a", kun kawar da kai kun wuce. Ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da take rubutawa, balle wanda ya ɗora mata rubutun. Uwarta ma ba ta tambaya ba, sai da takarda ta zo daga makaranta.

Uwar mai ɗinki ce. Shagonta ɗaki ɗaya ne a jerin shagunan da ke kallon babban titi, mai kitso a damanta, mai gyaran waya a ƙarshen layi. A ciki akwai keke biyu, da teburin yanka, da dutsen guga, sai labule a kusurwa inda mata ke gwada kaya. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi sati uku bai kwana gida ba. Manyan 'ya'yan duk sun kama gabansu, saura Auta kaɗai a gabanta.

Ranar Talata ta rufe shago da hantsi ta tafi makarantar. Malamar lissafi, wadda ita ce mai kula da ajin su Auta, ta tura mata kujera, ta buɗe wani dogon littafi.

"Zangon farko saba'in da huɗu. Na biyu hamsin da takwas. Gwajin makon jiya talatin da ɗaya." Ta rufe littafin. "Saura sati biyar a yi jarrabawa. Wanda bai kai hamsin a lissafi ba zai maimaita aji. Dokar makaranta ce, ba ni na kafa ta ba."

"Maimai? Auta?"

"Sau uku ina kama ta da waya a ƙarƙashin tebur. Ina rubutu a allo, ita tana nata rubutun a cinya."

"Malama, ai na ɗauki mataki tun bara," in ji mai ɗinki, ta gyara zama irin na wadda ta zo da hujja. "Akwai wani tsari a cikin wayar, da ta cika awa biyu sai ta kulle kanta. Awa biyu rak a yini."

"Madalla. Wa ya saka tsarin?"

"Ita na sa ta saka. Ni waɗannan abubuwan ba su shiga kaina."

"Lambar sirrin fa, a wurin wa take?"

A wurin Auta take. Malamar ba ta yi dariya ba, amma ta cire tabarau ta shiga goge shi da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Maman Auta, kin ba kura ajiyar nama, kin kuma ba ta makullin ɗakin."

Da wannan maganar ta koma shago, tana tafe tana cin ta a rai. Ƙarfe biyu da rabi Auta ta shigo, ta yi sallama, ta ajiye jaka a kan tarin yadi. Uwar ta miƙa hannu.

"Kawo ta."

"Me, Umma?"

"Kakarki. Kawo wayar nan kafin raina ya gama ɓaci. Talatin da ɗaya! Ko ɗan akuya aka zaunar a ajin nan zai ci talatin da ɗaya."

Ta yi zaton za a yi kuka da magiya. Auta ta zaro wayar daga aljihun jaka ta ɗora mata a tafin hannu, kamar mai sauke tulu.

"Ga ta. Matar likita tana jiran amsa, da mai siket uku, da wata da ta ce zif ɗinta ya ɓalle."

"Su jira. Shekara goma sha takwas na yi ina ɗinki kafin wannan abar ta shigo shagon nan."

Ta jefa wayar a cikin aljihun keke, ta murɗa makulli, ta ɗaure shi a gefen zane.

Gaskiya ta faɗa, amma rabi. Shekara biyu da suka wuce aka sayi wayar, da sunan shago. Ita mai ɗinki ƙaramar waya mai maɓallai take riƙewa, ta kira, a kira ta, shi ke nan. Auta ce ta fara ɗaukar hoton riguna tana sakawa a shafi, sai ga mata daga unguwannin da uwar ba ta taɓa takawa ba suna aiko da yadi. Aiki ya ninka, aka sayi keke na biyu. Masu kaya suka daina zuwa awo, sai su auna kansu a gida su turo lambobin ta saƙo. Kowace safiya kafin ta tafi makaranta Auta takan karanto awon aikin ranar, uwar ta rubuta da alli a jikin yadin. Tsohon littafin awo kuwa ya koma ƙarƙashin dutsen guga. Da haka wayar shago ta tare a jakar makaranta, ba ranar da aka zauna aka yanke hakan.

Washegari Auta ta tafi makaranta ba ta karanto komai ba, uwar ma girman kai bai bar ta ta tambaya ba. Tun kafin ta gama share shago aljihun keke ya fara kuka. Zzz. Ta zauna ta zura zare. Zzz, zzz. Almakashin da ke kan keken har motsi yake yi.

Mai kitso ta leƙo da matsefi a hannu. "Tela, ƙudan zuma kika fara kiwo ne? Tun daga shagona nake jin su."

"Wayar yarinyar nan ce na ƙwace."

"Ta yarinya ko ta shago?"

"Ke dai je ki ji da kan mutane."

"To, Allah ya ba da zuma mai yawa, a tuna da maƙwabta."

Aikin ranar rigar matar likita ce, leshi ruwan toka mai tsada, an yi alkawarin Juma'a. Mai ɗinki ta shimfiɗa shi a tebur, ta ɗauki alli, sai ta tsaya. Awon yana cikin waya. Ta buɗe aljihun keke ta ɗauko ta, gilashin ya kawo haske, ya nuna ɗigo tara yana jiran a zana wani abu. Ta zana ɗaya, ya ƙi. Ta zana wani, ya ƙi. A na biyar wayar ta ce ta jira.

"Ni za ki ce wa in jira?"

Ta mayar da ita. Ai ta yi wa matar likita riga bara, kuma idonta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ƙirji talatin da takwas, ƙugu talatin da biyu. Ta ja alli, ta sa almakashi, leshi ya rabu ƙyat ƙyat. Kafin azahar ta harhaɗa jikin rigar, ta rataye, ta ja da baya tana kallo da gamsuwa.

Auta na shigowa idonta ya sauka a kan rigar. Ta tsaya da jaka a kafaɗa.

"Umma, ta wace ce wannan?"

"Matar likita."

"Da wane awo?"

"Da wanda ke kaina."

"Umma, ciki gare ta fa. Wata biyar. Ta turo sabon awo tun ranar Asabar, ƙugu talatin da tara."

Mai ɗinki ta dubi rigar. Inci bakwai. Ko duk ɗinkin ta farke ba za ta samo inci bakwai a jikin leshin da ta riga ta yanka ba. Ta kwance makulli daga gefen zane, ta ɗauko wayar ta dangwarar a teburin yanka.

"Buɗe. Ki nuna mini abin da kike yi da ita yini guda, har da awa biyun da kika ce kin saka."

Auta ta zana wani abu kamar ƙugiya, wayar ta buɗe. Ta shiga nan, ta shiga can, ta juyo da gilashin. Wasu sanduna ne a jere, kowace rana da tata.

"Wannan na makon jiya ne. Awa tara a yini."

"Tara! Auta, tara? Ma'aikacin gwamnati ma takwas yake yi!"

"Ki duba ƙasa. Huɗu bidiyo ne da hira da ƙawaye, ban musa ba. Biyar ɗin saƙonnin shago ne."

"Kada ki raina mini hankali."

Yarinyar ta buɗe saƙonnin ta miƙa mata. Mai ɗinki ta iya karatu, a hankali dai take yi, tana bin layi da yatsa. Ta karanta na farko. "Ranki ya daɗe, an gama hannun, saura wuya, in sha Allahu gobe." A gefe da ƙananan lambobi an rubuta tara da minti arba'in. Na gaba: "Ki yi haƙuri Anti, laifina ne, ki aiko da ita in gyara." Goma da kwata. Na gaba, goma da rabi. Sha ɗaya saura. Duk da bakinta aka rubuta su, har da "ranki ya daɗe" ɗin da takan ja idan tana lallashin mai kaya. Matan nan duk sun ɗauka da ita suke magana.

"Ƙarfe nawa kuke lissafi?"

"Tara da rabi zuwa goma da rabi. Lokacin ne suka fi turowa, sun sallami yara makaranta sun zauna."

Ta ci gaba da ja. Ta iske wata ta turo saƙon murya, ta taɓa shi ba da niyya ba. Muryar mace ta cika shagon, tana zagi tiryan-tiryan a kan rigar da ta yi latti, har da su "matsiyaciyar tela". A ƙarƙashinsa amsar Auta ce, layi biyu na ban haƙuri.

"Wannan yaushe ne?"

"Watan jiya."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Kina fama da ciwon baya a satin."

"Makullin awa biyun fa?"

"Kwana uku ya yi. Ranar nan da ta kulle da rana, mai kayan yara ta kira ki a ƙaramar waya ta ce an yi banza da ita. Kin tuna abin da kika ce mini?"

Ta tuna. A nan bakin ƙofa ta tare ta, gaban mai kitso da kowa. Waya a hannunki kamar an liƙa da danƙo, amma amsa wa mutane ya gagare ki? So kike ki kashe mini kasuwa? Ta kuma tuna sau nawa ta kira yarinyar da tsakar safiya tana tambaya ko an amsa wa wance, ba tare da ta ɗaga kai ta dubi agogon bango ba.

"A daren na cire shi," in ji Auta. "Kuma in na buɗe don in amsa saƙo, sai in ce bari in kalli bidiyo ɗaya. Ɗayan nan ba ya ƙarewa, Umma."

Mai ɗinki ba mai kuka ba ce, ba ta kuma iya doguwar magana ba. Ta ɗaga dutsen guga, ta zaro tsohon littafin awo, bangonsa ya yi baƙi da zafi. Ta kaɗe shi a cinya.

"Ranar Asabar za ki karanto mini awon kowa, in rubuta. Daga ranar wayar nan a shago za ta kwana, a shago za ta yini. Na sallame ki daga aiki."

"Bidiyon fa?"

"Awa ɗaya, bayan kin gama aikin gida, a nan inda nake ganinki."

"Awa ɗaya? Umma, ni na yi miki aiki shekara biyu, ladan ke nan?"

"Ladan ke nan. In kin ci hamsin ki kai ƙara."

Da yamma ta kira matar likita ta faɗa mata gaskiya, ta sha faɗa, ta ce za ta nemo leshin ko a ina yake. Kwana biyu ta yi tana zaga kasuwa kafin ta samu irinsa. Ranar Asabar suka zauna tun safe, Auta na karantowa, ita tana rubutawa, mutum sittin da huɗu, kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawon hannu. Da suka gama ta ɗauki wayar ta nufi ƙarshen layi wurin mai gyaran waya, ita kaɗai.

"Canza mini wannan zanen, ka sa lamba. Ka sa awa ɗaya a kan bidiyo. Sannan ka koya mini yadda ake tura murya."

"Anti, ai Auta ta fi ni iya wannan."

"Da ita nake so, da wurinka zan zo?"

Ya koya mata. Sau shida tana danna wurin tana saki kafin ta yi magana. A na bakwai ta riƙe da kyau, ta ce wa duk masu kayanta daga yau ita da kanta za ta riƙa amsawa, sau biyu a yini, da azahar da kuma in ta tashi rufe shago, mai gaggawa ta tako ta zo.

Ba a ji daɗin satin farko ba. Auta takan dawo ta zauna a ƙaramin tebur na bayan shago da littafin lissafi, fuska a murtuke, hannunta na kai wa aljihun jaka yana dawowa wayam. In awa ɗayan ta cika wayar ta kulle ana tsakiyar bidiyo, sai ta ajiye ta da ƙarfin da ya wuce na ajiyewa. Kwana biyu ba ta yi wa uwar magana ba sai gaisuwa. Ita ma uwar ta ɗanɗana kuɗarta. Ta tura wa mai siket hoton rigar wata. Ta yi wa wata bayanin wuyan riga na minti uku, ashe ba ta danna komai ba. Mata biyu suka zo suka karɓe yadinsu, suka ce shagon ya lalace.

"Da can kamar walƙiya ake amsa mini," in ji ɗaya a bakin ƙofa.

"Walƙiyar tana aji huɗu, tana da jarrabawa," in ji mai ɗinki, ta miƙa mata ledarta.

A sati na uku, ranar Laraba da la'asar, saƙo ya shigo daga wata mai shagon sayar da kaya a cikin gari. Riguna ashirin take so, iri biyar, amma a turo mata hotunan samfuri a jere da farashin kowanne kafin ƙarfe biyar, don akwai wani tela da ke jira. Aiki ne na wata guda cur. Mai ɗinki ta dubi agogo, huɗu da minti goma. Ta shiga neman hotunan, ta samu biyu, na ukun ya ɓace, ta koma baya sai ga ta a wani wuri da ba ta san shi ba. Aikin minti biyar ne a hannun Auta, ta sha gani.

Mai kitso da ta shigo aron almakashi ta leƙa gilashin, ta yi ƙasa da murya. "Ke Tela, ba ga ta can ba? Minti biyar ai ba zai kayar da ita ba."

Mai ɗinki ta tashi da wayar a hannu, ta taka har bayan shago. Auta ba ta ji zuwanta ba. Ta duƙufa a kan wani lissafi mai baka biyu, ta soke layi uku, tana kan na huɗu, leɓenta na motsi. Gobe suke da gwaji. Uwar ta tsaya a bayanta tana kallon ƙeyarta. Ta san yadda abin yake farawa, don da minti biyar ya fara wancan karon ma.

Auta ta ɗago. "Umma, akwai abu?"

"Babu. Wuyanki zai yi ciwo, gyara zama."

Ta koma kan kekenta, ta danna wurin murya ta riƙe. "Ranki ya daɗe, hotuna biyu na iya turowa. Sauran sai gobe da azahar, in kin iya jira." Amsa ta zo biyar saura kwata, kalma uku: an ba wani.

"Riguna ashirin," in ji mai kitso, ta riƙe haɓa. "Wallahi ke dai kanki da ƙarfi yake."

"Ki dawo mini da almakashina da kaifinsa."

Ba ta faɗa wa Auta ba, ta kuma hana mai kitso faɗa. Da mijin ya kira daga hanya ta ba shi labari, ya ce Allah ya musanya da mafi alheri, ya tambaya ko yarinyar tana cin abinci.

Aka yi jarrabawa. Ranar da aka ba da sakamako mai ɗinki ta sake rufe shago da hantsi. Malamar ta buɗe dogon littafin, ta bi layi da biro.

"Hamsin da uku."

"Ta wuce ke nan?"

"Da ƙyar, kamar zare a kafar allura. Akwai babi biyu da ba ta gane komai a ciki ba, a lokacin da aka koyar da su jikinta ne kawai a ajin. Sai ta zauna a kansu a hutun nan, in ba haka ba baɗi za mu sake zama ni da ke."

"Za ta zauna."

A waje Auta na jingine da bango, ta riga ta ji. Suka kamo hanya tare. Sai da suka kusa shago ta ce, "Umma, kin ce in na ci hamsin in kai ƙara."

"Na ji ƙarar. Awa ɗaya da rabi, ranar da babu makaranta."

"Rabi kawai?"

"Maki uku kika ɗora a kan hamsin. Da me kike so in auna miki?"

Yanzu saura ku. Yau ɗin nan, kafin ku sake cewa yaran zamani sun lalace, ku zauna kusa da naku ku ce ya buɗe muku shafin da ke ƙirga awoyi. Ku duba da idonku, layi bayan layi. Ku ware awoyin da ku kuka ɗora masa, na aikenku da kasuwarku da duk abin da kuka ƙi koya don akwai yaro a gida, ku karɓe kayanku. Sauran kuma ku sa musu iyaka, ku riƙe lambar da kanku.